Ciwon da Ba Wanda Ya Aiko wa Gwaggo

Gwaggo ta rasu wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a gadon asibiti a nan Rano. Kafin azahar an kai ta gida Kibiya an yi mata sutura, kafin la'asar an rufe ta. Na Allah ne mu, wajensa kuma za mu koma. Ita ce yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji, don haka duk matar da ta shigo gaisuwa gabana take fara durƙusawa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta da jaririya a cinya, ko arba'in ban yi ba.

In an gama "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙanta", sai kowace ta rage murya ta ce, "Wai me ya same ta ne? Ba kwanan nan muka gan ta a wajen suna ba, ta yi ɓulɓul abinta?"

Ban taɓa samun damar amsawa ba, kullum akwai wadda za ta riga ni. Matar Baffa ta ce sanyi ne ya gama da ƙashi ya gangara ciki. Maƙwabciyarmu ta ce amai da gudawa ne irin na damina. Wata tsohuwa daga Dawaki, wadda ban ma san ta ba, ta ce maganin asibiti ne ya yi mata yawa, ita tun da ta ga fuskar nan ta san ba ƙibar Allah da Annabi ba ce. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta sauke ƙwarya ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce ita dai ba mai raba ta da cewa hannu aka sa wa baiwar Allah. A waje kuwa, inda maza suka shimfiɗa tabarmi, an ce Baffa magana ɗaya yake ta maimaitawa, kwana ne ya ƙare.

Ta Baffa ba mai ja da ita. Amma ni da na kai ta gaban likita na ji bayani da kunnena, ni da na riƙe hannunta a ranar ƙarshe, ni na fi kowa rasa abin faɗa. Abin da na sani shi ne Gwaggo tana da ciwon da sai da magani kullum, kuma da gangan ta ajiye maganin. Dalilin da ya sa ta ajiye shi ne na kasa haɗiyewa har yau. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ko Allah zai sa in gane, in ban gane ba aƙalla kada a manta da ita.

Gwaggo makitsiya ce, kuma mai gyaran amare. A unguwarmu duk yarinyar da aka sa wa rana sai an kawo ta gidanmu ta yi 'yan makonni, a ɗura mata kunun gyaɗa da gumba da nono, a murje ta da kurkur, a ƙunsa mata lalle. Yatsun Gwaggo dogaye ne, masu ƙarfin tsiya. In ta kama kanki sai kin ji har cikin haƙoranki. In kika yi ƙara sai ta danna ƙeyarki da gwiwa ta ce, "Yi kukanki yau, gobe ke za ki yi yangar, ba ni ba." Ba ta iya yabo ba. Duk ƙoƙarin da na yi a gidan nan, mafi girman abin da na taɓa samu daga bakinta shi ne "ba laifi", shi ma sai ta waiwaya ta tabbata ba kowa.

Alherinta ma a ɓoye take yin sa, kamar mai aikata laifi. An taɓa kawo mata wata marainiya wadda danginta ba su iya haɗo ko kaza ɗaya ba. Da safe sai ga Gwaggo ta kamo dakwalwarta, wadda ta fi so, ta miƙa wa Baffa ya yanka. Da kakar yarinyar ta zo godiya sai ta haɗe rai ta ce, "Godiyar me? Kazar nan shan ƙwai take yi, da ma neman dalilin yanka ta nake." Ni nake kwashe ƙwan kazar nan kullum, ban taɓa ganin ta fasa ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ba ta da haƙuri a kansa, ƙwayar nan da 'yan mata ke saya a kemis don su ciko kafin biki, wadda ake kira sha-ka-fashe. Duk amaryar da aka kawo, kafin ta zauna sai Gwaggo ta zazzage jakarta a tsakar gida. In ta ga kwalin sai ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta nufi masai da shi ta jefa, ta dawo tana kakkaɓe hannu. "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne," in ji ta. "A gidan nan abin da bai fito daga tukunya ba ba ya shiga cikinki." Uwar yarinya ma ba ta tsira ba, ko a gidan biki suka haɗu sai ta ji. Daga Kibiya har ƙauyukan gefe an san Gwaggo da wannan, kuma tana jin daɗin an san ta da shi.

Mutum ɗaya ce a duniya take faɗa mata son ranta ta kwana lafiya, Innar Lausu. Mahaifin Gwaggo da mahaifiyar Inna wa da ƙanwa ne, wato su taubasai ne, akwai wasa a tsakaninsu tun haihuwa. Inna gajeriya ce mai murya kamar ta mutum biyu. Tun daga zaure za ta fara.

"Ina marowaciyar gidan nan? A ɓoye tukunya, na iso."

"Shigo, baiwata," in ji Gwaggo. "Da ma na ji kaji suna gudu, na san ke ce."

Haka za su wuni, mu yara muna kwance muna dariya. Ƙa'idar wasan kowa ya san ta: ba a fushi, ba a ba da haƙuri, wadda aka yaɓa wa magana ramawa take yi. Gwaggo kuwa gwana ce. Tana kitso, ko ɗago kai ba za ta yi ba, za ta saki guda ɗaya da sai Inna ta nemi ruwa.

Ciwon a yatsu ya fara, bayan na yi aure na dawo Rano. Da asuba sai ta tashi hannuwa a sandare, ta kasa riƙe buta, sai rana ta ɗaga su saki. Gaɓoɓin yatsun suka kumbura suka yi ɗumi, kuma abin mamaki, duk inda ya kama a dama nan yake kamawa a hagu. Ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwa da tafin ƙafa. Ga gajiya, ga ɗan zazzaɓi da ba ya tashi ba ya kwanciya. Wata rana na je gida na tarar da amarya zaune da rabin kai a kitse, Gwaggo tana kallon tsinken kitso a ƙasa ta kasa ɗauka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Zo ki ƙarasa." Ranar na fara ganin kunya a fuskarta, kuma ban ji daɗin gani ba.

Kowa ya ce sanyi ne, don haka aka bi hanyar sanyi. An sha jiƙo, an sha sassaƙe, an yi turare, wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho a gwiwoyi. A kemis aka ce taifot ne da maleriya, aka yi allurai, aka ba ta ƙwayoyin kashe zafi har suka fara ƙona mata ciki. Da abin ya ƙi, sai Baffa, ƙanenta, ya kawo tasa. Akwai wata da ta fara kitso a bayan layinmu, kuma amare sun fara komawa can.

"Yaya, ki duba mana," in ji shi. "Me ya sa bai kama ki a kunne ba, sai a inda kike neman abinci?"

"Gwiwar fa? Ita ma da ita nake kitson?"

"Ai in an tashi yi wa mutum ba a zaɓe."

"Yanzu ka ce an zaɓa. Ka ga, kada ka kuskura ka kira sunan 'yar mutane a gidan nan. Ni na koya mata tsaga kai. In ta samu ciniki, Allah ya ƙara."

Sun daɗe ba sa gaisawa sai ta bakin matarsa. Duk da haka kullum yana aiko da rubutu a kwanon sha, kullum tana shanyewa. Na tambaye ta, ta ce, "Rubutu sunan Allah ne, zan sha. Zargin ne ba zan sha ba."

Daga baya na lallaɓa ta muka zo asibiti a Rano, su kuma suka tura mu Kano. Likitar da muka samu mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta kama yatsun Gwaggo ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, ta tambayi tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su saki da safe, ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwa. Da muka koma karɓar sakamako sai ta jawo kujera kusa da Gwaggo.

"Mama, a jikin kowa akwai abin da Allah ya sa yake tsare shi daga cuta, shi muke kira garkuwar jiki. Taki ba karyewa ta yi ba, kada hankalinku ya tashi. Rikicewa ta yi, ta daina bambanta baƙo da ɗan gida. Ita take kai wa gaɓoɓinki hari, shi ne kumburin nan da zafin."

Gwaggo ta ce, "To wa ya rikita ta?"

"Ba mu da cikakken sani. Akwai gado a ciki, kuma ya fi kama mata. Wani lokaci wani abu ne ke tayar da shi, kamar hayaƙi ko wata cuta da aka yi ta wuce. Amma a kanki ke kaɗai ba zan iya nuna abu ɗaya in ce shi ne ba."

"Ba sanyi ba ne?"

"Sanyi zai iya sa ki ƙara jin sa. Ba shi ya kawo ba."

"Ba a wajen wani na ɗauka ba?"

"Ba a ɗauka, ba kuma za ki sa wa kowa ba."

"Wato ni nake cin kaina."

"Jikinki ne, Mama, ba ke ba."

"Yarinya," in ji Gwaggo, "ni da jikina wa ya raba mu?"

Likitar ta yi murmushi. Ta ce ciwon ba ya warkewa, kwantar da shi ake yi. Ta rubuta magunguna, manyansu biyu. Ɗaya sau ɗaya ake sha a mako, shi ne ainihin maganin, amma yana da nawa wajen kama aiki, kuma sai ana zuwa ana duba jini. Ɗayan ƙaramar farar ƙwaya ce ta kowace safiya, mai saurin aiki, wadda za ta riƙe Gwaggo kafin na makon ya kama, daga nan a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan har a janye. Ta dube ni ta nanata cewa ita farar ba a daina ta farat ɗaya. Wai jiki da kansa yana yin irin sinadarinta, in ya ga ana kawo masa daga waje sai ya daina yi, in aka yanke kwatsam sai a bar shi ba nan ba can. A mota na sake yi wa Gwaggo bayani. Ta ce, "Ka ji jiki. Ga faɗa da 'yan gida, ga lalaci."

Wahalar sai da muka dawo gida. Mu a saninmu ciwo zuwa yake yi daga wani wuri, ko sauro, ko ruwa, ko iska, ko mutum. Na zauna na zayyana wa Baffa duk abin da na ji, ya saurara har ƙarshe, sannan ya gyara hula ya ce, "Wato ita likitar ma ba ta san wanda ya yi ba." Ni kaina sai in kwanta ina juya maganar. Abin da aka halitta don ya tsare ka, a ce shi yake cin ka, kuma ba wanda ya zuga shi? Na yarda da likita, amma ban taɓa jin maganar ta zauna mini daram ba.

Magani dai ya yi aiki. Ba a jima ba yatsun Gwaggo suka buɗe. Biyu sun riga sun karkace ba su dawo ba, sauran kuwa suka koma bakin aiki. Ranar da ta gama kan farko ta aika aka kira Baffa, ta nuna masa, daga nan suka koma gaisawa. Ci ya buɗe mata. Fuskarta ta ciko ta yi zagaye, wuya ya yi kauri. Mutane suka riƙa shigowa barka, wai Gwaggo ta warke har ta yi ƙiba. Na san likita ta ce farar ƙwayar na sa haka, amma ganin ta tana dariya da tsinke a hannu ya fi mini komai.

Mun koma Kano 'yan lokuta, aka fara rage farar, zafin ya ɗan leƙo, Gwaggo ta fara ƙunƙuni. Sai na samu ciki mai laulayi, ko ƙofar gida ba na iya zuwa. Ita kuwa da ma ta tsani tafiyar, a fita da sassafe, a wuni a layi, a dawo da magariba ƙafa a kumbure. Baffa ya ga ya sauƙaƙa wa yayarsa. Ya ɗauki tsofaffin kwalayen ya kai kemis ya ce a ba shi irinsu, kamar yadda kowa yake yi. Na makon ba a cika samun sa ba, a hankali aka bar shi. Farar kuwa ko'ina akwai ta, Gwaggo ta koma shan yadda aka fara ba ta, tun da ita ce take buɗe mata hannu. Ni in na yi waya a ce tana shan maganinta, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Wata rana mai kemis ya ce wancan ya yanke, ga ɗan'uwansa, aikinsu ɗaya. Ɗan'uwan nan shi ne wanda 'yan mata ke saya.

Ban sani ba ko ta gane shi. Macen da ta jefa irinsa a masai ba adadi, da wuya a ce ba ta gane ba. Ina jin ta gane, ta dubi kwalin ta dubi hannuwanta, ta ci gaba da sha.

Na haihu da farkon damina. Gwaggo ta zo Rano ana gobe suna, ta zaunar da ni ta yi mini kitso, yana da zafi kamar na dā, na yi ƙara ta danna mini ƙeya. Ranar suna gida ya cika da mata. Bayan an ci abinci ta buɗe jakarta za ta ciro 'yan kunnen da ta saya wa jaririya, sai kwalin ya biyo hannunta ya faɗo a kan tabarma. Innar Lausu tana gefenta, ita ta riga kowa ɗauka. Wata daga cikin tsofaffin amaren Gwaggo ta leƙo ta ce, "Lah, Gwaggo, ai irin wanda kika ƙwace mini ne."

Inna ba ta taɓa samun irin wannan damar ba tun da aka haife ta. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga kwalin sama yadda Gwaggo take yi.

"Jama'a ku matso ku gani. Ni ma na ce kumatun nan ba na banza ba ne. Ashe uwar ɗakina miji take nema. Wane tsoho ne ya sa rana ba a gaya mana ba? Ku kuma 'yan mata ku yi haƙuri, kayanku ba masai ake kai su ba, ajiya ake yi."

Gidan ya ɗauka da dariya. Wata ta rangaɗa guɗa. Daga kan gado na ɗaga murya na ce maganin likita ne, ba na jin ko ta kusa da ni ta ji. Ba mugunta a dariyar nan, na rantse, yawancinsu Gwaggo ce ta yi musu kitson aure. Ita ma ta yi dariya. Ta miƙa hannu ta karɓi kwalin ta mayar jaka, ta sa wa jaririya 'yan kunne a tafin hannu, sannan ta ce a ba ta buta, la'asar ta yi. Washegari ta koma Kibiya.

Ina cikin wankan jego, ba inda zan je. Abin da ya biyo baya daga bakin matar Baffa na ji. Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta daina cin abinci, ta ce jiri take ji in ta miƙe. Gaɓoɓin suka sake kullewa. Sai amai, sai gudawa, sai zazzaɓi. Damina ce, kusan kowane gida da mai irin wannan, aka haɗa mata ruwan gishiri da sukari, aka jiƙa saiwa. Ba wanda ya tambayi maganinta, don tun fil azal ita ke ajiye kayanta, kuma ba a saba yi mata tambaya ba. Sai da ta kasa zama aka ɗauko mota aka kawo ta Rano.

Na goya jaririya na tafi. An sa mata ƙarin ruwa, gwaji ya nuna maleriya, an fara allura, amma nas ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ya ƙi hawa. Da la'asar ta buɗe ido ta gan ni. Na duba jakarta na ga goro da carbi da man zafi, ban ga kwali ba.

"Gwaggo, ina maganinki na safe?"

"Yana inda na kai na 'ya'yan mutane."

"Tun yaushe?"

"Tun da na dawo daga wajenki."

Na ce, "Ba a gabanki likita ta ce kada a daina ba? Ba na sake gaya miki a mota ba?"

"Ta faɗa. Kin faɗa. Ina ji." Ta huta. "Da wane ido zan ƙara zazzage jakar yarinya?"

"Wasa fa Inna take yi."

"Na san wasa ne. Gaskiya ce ta faɗo a ciki, ba laifinta." Ta matse mini hannu da yatsun da suka rage mata. "Kada ki gaya mata."

Na fita da gudu na nemo likita na gaya masa. Nan take ya sa aka yi mata allurar irin maganin. Kafin magariba ta ɗan farfaɗo, har ta sha kunu ta ce ba laifi, amma ya yi ruwa. Na koma gida da murna. Washegari da hantsi ina wajen, ina gyara mata ɗankwali, ta cika.

Na tsare likitan a baranda na ce ya gaya mini abin da ya kashe ta. Mutumin kirki ne, bai gudu ba. Ya ce maleriyar ta yi tsanani. Ya ce daɗewa a kan ƙwayar nan ba tare da dubawa ba yana raunana mutum a gaban kowace cuta, ga shi ya tayar mata da sukari. Ya ce yankewar da ta yi kwatsam ta bar jikin ba abin da zai tashi da shi. Ya ce ga kuma shekaru.

"Wanne ne daga ciki?" na ce.

"Ba zan iya raba miki su ba, Hajiya. Allah ya ba ku haƙuri."

To ga inda nake. Rashin maganin ya cuce ta, shan sa ya cuce ta, barin sa ya cuce ta. Ina da fushi a ciki mai yawa, na rasa wanda zan sauke wa. Baffa tausayin ƙafafun yayarsa ya ji. Mai kemis abin da aka tambaya ya bayar. Inna wasan da aka haife ta a ciki ta yi. Wani lokaci da Gwaggo kanta nake fushi, in ce mace mai wayo irinta ta sayar da ranta saboda dariyar gidan suna, sai kuma in tuna ba dariyar ba ce, abin da ta tsaya a kai ne shekara da shekaru, kuma ita ta koya mini tsayawa a kan magana. Sai fushin ya koma kuka. Ina kewarta ƙwarai, har da danna ƙeyar.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka sa ciwon nan da ba ta san mafarinsa ba ya zama kankarar zunubi. Ka ba ta jikin da zai zauna da ita lafiya, ka saka mata da abin da ta ciyar a ɓoye.

Innar Lausu ta zo tun ranar rasuwa, ba ta tafi ba har aka yi sadakar bakwai. Washegari da hantsi, mutane sun watse, ina haɗa kayana zan koma Rano, sai ta yafito ni bayan ɗaki wajen rumbu. Muryar nan tata duk ta tafi.

"'Yar nan, zan tambaye ki abu, kada ki rufe ni. Ta ci gaba da shan abin nan bayan suna?"

Ga amanar mamaciya, ga tsohuwa a gabana tana kallon bakina. Na ce, "Inna, likita ya ce abubuwa ne da yawa suka haɗu."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na sunkuya ina gyara goyo, na kwance majanyi na sake ɗaurawa. Ta jira har na gama.

"Shi ke nan," in ji ta. "Kin amsa."

"Ta san wasa ne, Inna. Da bakinta ta gaya mini. Ta ce ba laifinki."

Kamar ba ta ji ba. Ta dafa jikin rumbun, tana kallon ƙasa.

"Tun muna 'yan mata ban taɓa jefa mata magana ta bari ta faɗi ƙasa ba. Ranar nan ta yi shiru. Na kuwa ga ta yi shirun, da idona na gani." Ta ja bakin mayafi ta goge fuska. "Kin san abin da na yi? Na hau mota na koma Lausu ina ba mutane labari, wai yau na ci ta."